Lissafi ko Ƙididdiga a Jami'a: Wanne Zan Ɗauka, Ina Kuma Zai Kai Ni?

Wani ɗalibi daga Jos ya aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum. Na nemi ilimin kwamfuta a Jami'ar Jos, makina bai kai ba, aka ce in zaɓi Lissafi ko Ƙididdiga. Lissafi bai taɓa ba ni wahala a sakandare ba. Amma abokaina na cewa wahalar banza ce, ƙarshenta alli da allo. Wanne ya fi? Da gaske ne sai koyarwa? Ko in haƙura in sake JAMB baɗi?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka zubar da shekara guda saboda maganar majalisa. In abin da ya ja ka zuwa kwamfuta shi ne aiki da bayanai da rubuta manhaja, ɗauki Ƙididdiga, domin hanyarta zuwa kasuwar aiki ta fi gajarta. In kuwa kai mutum ne da ba ya iya barci sai ya gano dalilin da ya sa fomula take aiki, ɗauki Lissafi. Abu ɗaya ne ba zan ba ka shawara ba: ka karɓi ɗayansu a matsayin wurin fakewa kafin ka sauya sashe a aji biyu. Sauya sashe ya dogara da sakamakonka da kuma gurbi a can inda kake son komawa, kuma sashen kwamfuta a cike yake kullum. Masu shiga da ƙafa ɗaya a waje su ne suka fi faɗuwa.

Ka fara sanin cewa lissafin jami'a ba ci gaban na sakandare ba ne. A sakandare ana ba ka fomula ka zuba lambobi ka fitar da amsa. A jami'a amsar ba ta dami kowa ba, hujja ake nema. Ga misali ka gwada da biro yanzu. Ɗauki lamba, ka ninka ta da kanta, ka ƙara ta a kai, sannan ka ƙara 41. Da 1 za ka sami 43. Da 2 za ka sami 47. Da 3, 53. Da 10, 151. Dukansu lambobi ne da ba sa rabuwa sai da kansu da ɗaya. Ci gaba har 39, ba za ta ba ka kunya ba ko sau ɗaya. Ɗan sakandare zai rantse cewa ya gano doka. Sa 40: amsar 1681 ce, wato 41 sau 41. Dokar ta rushe. Gwaji talatin da tara bai zama hujja ba, misali ɗaya tak ya isa ya rushe magana. Shekaru huɗun da za ka yi a sashen Lissafi, kusan duk a kan wannan bambanci za su tafi. In wannan misalin ya ba ka sha'awa, alama ce mai kyau. In ka ji haushi ne kawai ka ce to sai me, Ƙididdiga ta fi dacewa da kai.

Aji ɗaya mayaudari ne. Kwasakwasan lissafi na farko, MTH 101 da 102, aljabra ce da tirigonometiri da farkon kalkulas, ga fiziks da kemistiri da darussan gama-gari, tare da ɗaruruwan ɗalibai daga wasu sassa a ɗaki guda. Wanda ya yi lissafi mai zurfi a sakandare zai ga kamar maimaici ne, sai ya saki jiki. Nan ne kuskuren farko, domin aji ɗaya ne wurin tara maki mafi araha a duk zamanka na jami'a. Aji biyu kuma nan ne gizo ke saƙa. A nan za ka haɗu da aljabrar matiris, da lissafin sauye-sauye, da darasin tarin abubuwa (set) da mantiƙi, da kuma wanda ɗalibai suka fi tsoro, analisis. A analisis za a dawo da kalkulas ɗin da kake ganin ka iya, a ce ka kafa hujjar kowane mataki daga tushe, da ƙananan haruffan Girkanci guda biyu, efsilon da delta. Takardar jarrabawa za ta zo babu lamba ko ɗaya da za ka danna a kalkuleta. Aji uku da huɗu a kan wannan harsashi ake ɗora su: aljabra ta zalla, analisis na lambobi masu sarƙaƙiya, tofoloji, ma'aunin Lebeg, sai furojet. Wanda ya tsallake analisis na aji biyu da hadda, zai yi ta ɗingishi har ya fita.

Abin da ke kayar da ɗalibai a nan ba ƙarancin basira ba ne, salon karatu ne. Suna karanta hujja kamar labari, su gyaɗa kai a kowane layi, su ɗauka sun gane. Yadda ake yi shi ne haka. Ma'anar kowace kalma ka haddace ta daidai, harafi da harafi, kamar yadda ɗalibin nahawu ke haddace ta'arifi, domin sauya wurin "ga kowane" da "akwai wani" a jimla ɗaya yana juya ma'anar gaba ɗaya. Hujja kuwa ba a haddace ta. Ka karanta sau ɗaya, ka rufe littafi, ka sake gina ta a farar takarda. Inda ka maƙale, nan ne ba ka gane ba. Buɗe ka duba layin nan kaɗai, ka sake rufewa. Sannan ga kowace ƙa'ida ka tambayi kanka: in na cire wannan sharaɗin, wane misali ne zai karya ta? Kowace awa ɗaya ta lakca tana bin ka bashin awa biyu na zama da biro, a makon, ba daren jarrabawa ba. Tsofaffin tambayoyi suna da amfani, amma a makonni biyu na ƙarshe, don auna kai. Wanda ya mayar da su littafin karatunsa, ranar da malami ya sauya sharaɗi ɗaya zai zauna yana kallon silin. Haka ma wanda ke miƙa wa ChatGPT aikin gida: makin tes zai yi kyau, amma ba ya shiga ɗakin jarrabawa da kai, kuma jarrabawa ce ke ɗauke da kaso mafi tsoka.

Ka kuma san lissafin sakamakonka tun ranar farko. A tsarin maki biyar, 70 zuwa sama A ce mai maki 5, 60 zuwa 69 B mai 4, 50 zuwa 59 C mai 3, har zuwa F mai sifiri ga abin da bai kai 40 ba. Daraja ta ɗaya daga CGPA (matsakaicin makinka na duk kwasakwasai) 4.50 take farawa, ta biyu ta sama daga 3.50, ta biyu ta ƙasa daga 2.40. Ɗauka kana da kwas shida a zango, kowanne mai nauyi 3, jimla 18. Ka ci B a duka, kana da 4.00. Ka ci B a biyar ka faɗi ɗaya, 60 ke nan a raba da 18, ka dawo 3.33. Kwas ɗaya ya sauko da kai daga daraja zuwa daraja. Kuma ko ka maimaita ka ci A baɗi, sifirin nan yana nan cikin lissafi, ga shi sau da yawa lokacin lakcar kwas ɗin da kake maimaitawa yana karo da na sabon ajinka. Yawancin manyan ma'aikatu da guraben tallafin karatu daraja ta biyu ta sama suke fara tambaya, don haka 3.50 ita ce katangar da za ka tsare.

Ƙididdiga kuma, mutane na ɗauka ƙirga ce da zana jadawali. Ba haka ba ne. Ilimi ne na yanke hukunci a kan abu mai yawa daga ɗan kaɗan da ka gani, tare da faɗin iyakar kuskurenka. Mai girki ba ta shanye tukunya kafin ta san gishiri ya ji, cokali ɗaya ya isa, da sharaɗin ta motsa miyar. A ce ana son sanin kashi nawa na gidajen Jos ta Arewa ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa. In kana son amsarka kada ta kauce wa gaskiya da fiye da kashi 5, da tabbacin kashi 95 cikin ɗari, gida 385 kake buƙata. In ka matse kuskuren zuwa kashi 3, sai ka nemi wajen 1,067. Abin da ke ba sabon ɗalibi mamaki shi ne, ko garin na da gida dubu ɗari ko miliyan, adadin kusan ɗaya ne. Girman tukunya ba ya sauya girman cokali. Matsalar tana wajen motsawa. In mai tambaya ya tsaya a Taminus da rana tsaka yana tare masu wucewa, ko ya tambayi mutum dubu biyar aikin banza ya yi, domin matan da ke cikin gida, waɗanda su suka san maganar ruwa, ba su da damar shiga samfurinsa, wato mutanen da ya zaɓa ya tambaya. Shi ya sa ake raba gari zuwa ƙananan yankuna, a zaɓi wasu ta hanyar ƙuri'a, a rubuta gidajen da ke ciki kaf, a sake zaɓa da ƙuri'a. Kuma da yake maƙwabta kan yi kama da juna, irin wannan tsari yakan sa a ƙara yawan gidajen, wani lokaci har ninki biyu.

Ga wani daga gona. Ana son gwada taki iri huɗu a kan dankalin Turawa a wata gona mai gangare a Bokkos. Wanda bai sani ba zai raba gonar huɗu daga sama zuwa ƙasa, kowane taki da yankinsa. Takin da ya faɗa ƙasan gangare zai yi nasara, ba don ya fi ba, sai don ruwa da dausayi a can suke taruwa. Mai ƙididdiga zai yanka gonar zuwa layuka biyar a kwance, kowane layi tsayinsa ɗaya a gangaren, ya raba kowanne zuwa fegi huɗu, ya jefa ƙuri'a a kowane layi don sanin wane taki zai shiga wane fegi. Fegi ashirin ke nan, kowane taki ya ɗanɗana sama da tsakiya da ƙasa. Sannan ne lissafi zai iya ware tasirin taki daga tasirin ƙasa. Wannan kwas guda ne, tsara gwaji. Akwai ilimin yiwuwa, da ɗaukar samfuri, da danganta abu da abin da ke jawo shi, da nazarin alƙaluman da ke sauyawa wata bayan wata, da ƙididdigar jama'a, da kula da ingancin kaya a masana'anta. Kada dai ka ɗauka ka tsere wa lissafi. Ɗan Ƙididdiga yana ɗaukar kalkulas da aljabrar matiris tare da 'yan Lissafi, kuma kwasakwasan yiwuwa da na yanke hukunci a aji uku kalkulas ne tsagwaronsa. Wanda ya yi wasa da MTH 102, a can zai biya.

Yanzu abin da ya fi duk wannan muhimmanci. Takardar digiri ita kaɗai, a ɗayansu, ba ta buɗe ƙofa sosai. Ana iya gama shekara huɗu ana warware samfuri mai lamba goma da kalkuleta, alhali ofis zai miƙo maka fayil mai layi dubu hamsin, rabinsa da gurbi, an rubuta sunan ƙaramar hukuma ɗaya ta hanya huɗu. Abokanka da ke cewa ƙarshenta alli, irin waɗannan masu digirin suka gani. Maganin kuwa a hannunka yake. Ka nemi laftof ko na hannu ne, mai RAM 8 da faifan SSD, ka fi duba lafiyar batir a kan kyan jiki saboda halin wuta. Aji ɗaya, ka iya Excel da gaske, ba buga suna da lamba kawai ba. Aji biyu, ka ɗauki R ko Python, harsunan rubuta manhaja da nazarin bayanai, ɗaya kawai, duka kyauta ne; 'yan Ƙididdiga R ta fi musu sauƙin shiga, mai son rubuta manhaja ya ɗauki Python. Aji uku, SQL don ciro bayanai daga rumbu, da KoboToolbox don tsara tambayoyi a waya, sai Power BI don nuna bayanai a zane in da hali. SPSS da Stata, manhajojin ƙididdiga, za ka gamu da su a sashe da wuraren bincike, ba sa ɗaukar lokaci ga wanda ya iya R.

Kuma ka koya a kan bayanai na gaske. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana sakin rahoton hauhawar farashi da na farashin kayan abinci wata-wata a shafinta, da jadawalin da za ka iya saukewa. Ko ka tara naka: kowace Asabar ka shiga kasuwar Farin Gada, ka rubuta farashin kwandon tumatir da buhun kabeji da na dankali wurin 'yan kasuwa biyar, tsawon wata shida. A mako na biyu za ka gano kwando ba ɗaya ba ne, farashin safe ba na yamma ba ne, kuma farashin da aka faɗa maka ba shi ne wanda aka sallama ba. Yadda ka warware waɗannan uku ya fi kwas guda koyarwa, kuma shi ne abin da za ka buɗe ka nuna ranar ganawar neman aiki. Lokacin SIWES ma, wato fita koyon aiki a ma'aikata, wanda hukumar horar da ma'aikata ta ITF ke kula da shi, ga hedikwatarta nan a Jos, kada ka nemi inda za a sa maka hannu ka koma gida. Nemi wurin da ake taɓa alƙaluma: sashen adana bayanan marasa lafiya a JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, cibiyar binciken dabbobi ta Vom, ko sashen tsare-tsare da bincike da ƙididdiga na wata ma'aikata. Ka fara kai takarda wata uku kafin lokaci.

Wuraren aiki kuwa, yawancinsu suna Abuja, tafiyar rabin yini ta Akwanga da Keffi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ita ce gidan sana'ar. Ita ke auna tattalin arziki, kuma sabunta ma'aunin da ta yi a 2014 ne ya nuna Nijeriya ta zarce Afirka ta Kudu a girman tattalin arziki a lokacin. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda ƙidayarta ta 2006 ta ba da mutum miliyan 140 da 'yan kai, tana gudanar da manyan binciken lafiya da haihuwa. Babban Bankin Nijeriya yana da sashen ƙididdiga da na bincike. Hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC na buƙatar masu bin alƙaluman annoba. Mai digiri yana shiga aikin gwamnatin tarayya a mataki na 08. Gaskiyar magana, guraben gwamnati ba kullum suke buɗewa ba, kuma masu nema sun yi yawa. Ƙofar da ta fi buɗewa ga ɗan Arewa ita ce ta ƙungiyoyin agaji da raya ƙasa, a aikin sa ido da tantance ayyuka. Ana farawa daga mai tattara bayanai a ƙauye, a hau zuwa mai kula da rumbun bayanai, a kai ga jami'in tantancewa. A nan Hausarka jari ce: wanda zai iya mayar da tambaya zuwa Hausar da tsohuwa a ƙauye za ta gane ba tare da ma'anar ta goce ba, sannan ya dawo ya yi nazarin amsoshin da kansa, ba shi da yawa. Sai dai aikin na kwantiragi ne, yana bin kuɗin masu tallafi, in sun janye ya tsaya.

Bankuna da kamfanonin sadarwa da na hada-hadar kuɗi ta waya suna ɗaukar masu nazarin bayanai, kuma jarrabawar share fage da suke yi ta lissafi ce da tunani, inda kake da rinjaye. Sukan sa iyakar shekaru, wani dalilin ke nan na ƙin zubar da shekara, balle ga yajin aiki da kan tsawaita karatu, kamar na 2022 da ya ci wata takwas. Akwai kuma sana'ar da ba a cika sani ba a wajenmu, ta masu lissafin haɗari a inshora da fansho. Tun dokar fansho ta 2014 ma'aikaci na zuba kashi 8 na albashi, mai aiki na zuba 10. Wani ne zai lissafa nawa za a riƙa biyan wanda ya yi ritaya a wata ba tare da kuɗin sun ƙare yana raye ba. Inshorar Musulunci ta takaful ma tana buƙatarsu. Ana zama ƙwararre ne ta jerin jarrabawoyin ƙungiyoyin sana'ar na Ingila ko Amurka, masu tsada da ɗaukar shekaru, amma na farkon yiwuwa ne da lissafin kuɗi, abin da za ka riga ka karanta, kuma cin biyu ko uku kawai yana sa a kira ka.

Ga ɗan Lissafi mai sakamako mai kyau, hanyar ƙaro karatu a buɗe take fiye da ta yawancin kwasakwasai. Cibiyar nazarin lissafi ta Afirka, AIMS, wadda aka fara a Afirka ta Kudu a 2003 ta kuma yi rassa a Ghana da Senegal da Kamaru da Ruwanda, tana ba da digiri na biyu da cikakken tallafi. Cibiyar fiziks da lissafi ta ICTP da ke Tiriyeste a Italiya tana da difloma ta shekara ɗaya ga 'yan ƙasashe masu tasowa. A gida akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta AUST a Galadimawa, Abuja, da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa a Sheda, ƙaramar hukumar Kwali. Jami'o'in Amurka kan ɗauki ɗalibin digiri na uku a lissafi su biya shi yana taimakawa da koyarwa. Duk waɗannan makinka na analisis da aljabra suke dubawa, da wasiƙar malamin da ya san ka da gaske, don haka ka riƙa zuwa ofishin malamai da tambaya tun aji biyu. Ba baƙon fage ba ne gare mu: Muhammad al-Kashnawi, Bakatsine, ya rubuta littafi kan tsara hatimin lambobi a 1732, Farfesa Iya Abubakar kuma daga sashen lissafi ya hau kujerar shugaban Jami'ar Ahmadu Bello a 1975.

Koyarwar da ake yi wa dariya ma ba abin rainawa ba ce. Malamin lissafi mai kyau ba ya zaman banza, musamman a makarantun kuɗi na Abuja da darasin gida. Za ka buƙaci diflomar koyarwa ta PGDE da rajistar hukumar malamai ta TRCN. Bambancin kawai, ka shiga don ka zaɓa.

Kafin ka danna karɓa a CAPS, shafin JAMB na karɓar gurbin karatu, tabbatar kana da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi a zama ɗaya ko biyu, an kuma ɗora sakamakon a shafin JAMB, sannan darussan da ka rubuta a JAMB sun dace da kwas ɗin da aka mayar da kai; rashin dacewar nan yakan fito ne a wajen tantancewa, bayan an riga an biya kuɗi. Watannin da suka rage kafin a buɗe makaranta kuma, nemi littafin lissafi mai zurfi na aji biyar da shida na sakandare, ka bi babin tirigonometiri da logaridim da farkon kalkulas, tambaya goma a rana, da biro, ba tare da leƙa amsa a bayan littafi ba sai ka gama.